Ciyawa a Bakin Sikeli

Shekara ashirin da bakwai ya yi a ɗakin sikelin kamfanin haƙar tama, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda zai rantse ya taɓa ganinsa a zaune. Akwai kujera a ɗakin. Kamfani ne ya saya masa tun shekarar farko, irin mai juyawar nan, har yau da sauran leda a hannunta na hagu. A kanta yake ajiye hularsa.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Mota ta shigo babu kaya, ta hau sikeli, ya rubuta nauyinta. Ta gangara rami a loda mata tama, ta dawo ta sake hawa, ya rubuta. A cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne kaya. Kowane mai sikeli haka yake yi. Inda ya bambanta da saura shi ne, in an gama sai ya leƙo ta taga ya ce wa direba ya ja baya ya sake hawa. Daga nan direbobi suka raɗa masa Sau-Biyu, sunan ya bi shi har gida, har jikokinsa suka taso ba su san yana da wani ba.

Kullum da safe, kafin motar farko ta iso, yakan ɗauki wani ƙarfe mai lanƙwasasshen baki ya zagaya farantin sikelin yana yashe tsagar da ke tsakaninsa da siminti. Tsakuwa ɗaya in ta maƙale a wurin, sikeli sai ya fara ƙarya, kuma ba zai nuna a fuska ba. Yakan yi zagayen, ya huta da tsayuwa, ya sake.

A gida ma haka. Yakan kulle ƙofa ya dawo ya taɓa kwaɗon. Yakan ƙirga yara a bakin ƙofar makaranta, su biyar ne, ya sake ƙirgawa ko sun canza. Matarsa takan ce aure ne kaɗai abin da ya yi sau ɗaya ya haƙura, shi ma don ba a ba shi damar ja da baya ya sake hawa ba ne.

A shekara ta ashirin da bakwai kamfani ya kawo sabon sikeli mai kwamfuta da kyamara, wanda ba ya buƙatar mutum, ba ya kuma cewa a sake hawa. Aka rubuta wa tsofaffin ma'aikata goma sha ɗaya wasiƙa mai cike da godiya. A ƙasan godiyar aka ba su zaɓi a kan kuɗin sallamarsu. Wanda ya ga dama ya karɓi kashi biyu cikin uku a hannu, a rabu lafiya. Wanda ya ga dama ya bar kuɗinsa cif, ba a taɓa ko kwabo ba, a mayar masa da su hannun jari a kamfanin, ya riƙa cin riba duk shekara. An ba su zuwa ƙarshen wata.

Kuɗin nan su ne duk abin da Sau-Biyu ya mallaka in aka cire gida mai ɗaki uku da keke. Ba shi da gona, ba shi da shago, bai taɓa yin adashi ba saboda ba ya yarda da lissafin da wani ya riƙe.

Don kada a ce an rufe wa mutane ido, akantan kamfani ya manna takardar dukiya da bashin kamfanin a allon sanarwa, kusa da jadawalin masu gadi. Tsofaffin suka taru a gabanta kamar masu duba sakamakon jarrabawa. Sau-Biyu ya sa tabarau ya bi ta da yatsa. Sashe biyu ne: ɗaya na abin da kamfani ya mallaka, ɗaya na abin da ake bin sa da rabon masu hannun jari. Bai fahimci rabin layukan ba, amma da ya kai ƙasa sai yatsansa ya tsaya. Jimlar wannan sashe da jimlar wancan daidai suke, lambobi tara a jere, har ta ƙarshe.

Ya sake dubawa. Daidai.

A rayuwarsa bai taɓa ganin awo biyu sun yi irin wannan jituwa ba. Ko mota ɗaya ce, da direba ɗaya, in ta sake hawa sai an sami ɗan bambanci, ko don direban ya tofar da yawu.

"Mutumina," ya ce wa Birki, tsohon direban tifa da suka fara aiki wata ɗaya, "wannan kamfani ba ya ƙarya. Dubi nan, dubi nan. Ko gashi bai shiga tsakani ba."

"Ka tabbata?"

"Sau biyu na duba."

Birki bai taɓa jin wata shaida da ta fi wannan ba. Nan take ya shiga ofis ya sa hannu a kan hannun jari, ya fito yana tafiyar masu kamfani, har yana yi wa masinja faɗa a kan fitilar da aka bari a kunne. Shi kuwa Sau-Biyu, duk da ya gamsu, bai iya sa hannu a zuwan farko ba. Jikinsa ba ya yarda. Ya roƙi a ba shi kwafin takardar da duk shafukan da ke bayanta, ya naɗe ya sa a aljihu.

Autarsa ce ke riƙe da littattafan lissafin wani shagon kayan gini. Ranar Juma'a da yamma ta zo gaida su, ta tarar da shi yana zagaya tsakar gida da takarda a hannu, uwarta kuma na tsintar shinkafa ba ta ko ɗago kai.

"Tun Talata yake wannan ɗawafin," in ji uwar. "Karɓi ki duba masa kafin ya haƙa mana rami a tsakar gida."

Ya nuna mata lambobin biyu da alfahari, kamar shi ya haife su. Auta ta yi ƙoƙari ta riƙe dariya, ta kasa.

"Baba, ai kullum daidai suke. Ko kamfanin da ya mutu jiya, in ka duba takardarsa daidai za ka gani."

"Kamar yaya?"

"Rabon masu hannun jari ba auna shi ake yi ba. Ragowa ce. A cire bashi daga dukiya, abin da ya rage a rubuta. Kamar ka cire nauyin mota daga jimla ka sami kaya, sannan ka haɗa mota da kayan, ka yi ta murna wai sun ba ka jimla."

Sau-Biyu ya tsaya cak. Matarsa ta ɗago kai don ta ga abin da ya faru, saboda ba ta saba jin shiru daga ƙafafunsa ba.

"To me ake dubawa?" ya ce a hankali.

Ta jawo tabarma ta shimfiɗa takardar. Shi ya tsaya a kanta yana leƙe. Ta nuna masa kuɗin da ke banki, ba su da yawa. Ta nuna injina da motoci. Sannan ta ɗora farce a kan wani layi da ya fi kowanne ƙiba, kusan rabin dukiyar gaba ɗaya.

"Wannan fa, takardun alkawarin biya ne da kamfani ke riƙe da su."

"Bashi ke nan."

"Bashi ne, amma wanda ya sa riga. Bashin yau da kullum, ka ba mutum kaya, ka rubuta a littafi, ya biya ƙarshen wata. Wannan kuwa wanda ake bi ne ya zauna ya rubuta da hannunsa: ni wane, zan biya kaza, ran kaza, da ƙarin kaza a kai. Ya sa hannu. In ya ƙi, a kai shi kotu da takardar."

"Da kuɗin ruwa ke nan," in ji uwar. "Allah ya tsare mu."

"To ai wannan ya fi ƙarfi," in ji Sau-Biyu, yana neman inda zai dafa. "Mutum ya sa hannu."

"Ya fi ƙarfi in mai hannun yana da abin biya. Amma Baba, ka tambayi kanka, me ya sa aka kai ga rubutawa? Mu a shago, sai wanda ya wuce wata shida bai biya ba maigidanmu ke cewa ya zo ya rubuta."

"Kuma suka sa shi cikin dukiya? Kuɗin da ba su gani ba?"

"Haka ƙa'ida take. Haƙƙinsu ne, don haka dukiya ce. Sai dai ana so su ware wani abu a gefe, na tsoron ko ba za a biya ba. Ga nasu nan." Ta nuna wata 'yar lamba. "Ko kuɗin shayin ofis ya fi wannan."

Ta juya zuwa shafukan baya, inda rubutu ya ƙanƙance kamar ba a so a dame shi. A bara, ta ce, takardar na cikin abin da za a karɓa kafin shekara ta zagayo. Bana an sauko da ita cikin na nesa. Ranar biya ta zo ta wuce, aka sake rubuta sabuwa, shekara uku, aka tara kuɗin ruwan da ba a biya ba aka ɗora a kai. Shi ya sa dukiyar kamfani ta ƙaru bana.

"Wato da suka kasa biya, sai muka ƙara arziki."

"A takarda, e."

"Wa ya sa hannun?"

Ta karanta. Kusan duka na mutum ɗaya ne: masana'antar da ke narka tama, babbar mai sayen kayansu.

Sau-Biyu ya cire tabarau. Bai san takarda ba, amma ya san waɗannan. Motocinsu rawaya ne, masu taya goma sha takwas, direbobinsu ba sa son a ce su sake hawa. Da can goma sha huɗu suke zuwa a yini. Suka koma shida. Suka koma biyu a mako. Ta ƙarshe da ya auna, ya tuna, kafin ruwan farko na daminar bara ne, tayarta ta baya ɗaya ta sace. Da ya tambaya a lokacin, an ce masa kaya ne suka yi musu yawa, suna narka na ƙasa tukuna. Ya yarda, don ba aikinsa ba ne auna magana.

Ya ci gaba da zagaye, amma yanzu da sauri.

"Malam, ka zauna ka ci abinci," in ji matarsa.

"Ina zuwa."

"Shekara talatin kana zuwa."

Washegari Asabar ya buga wa Birki ƙofa tun rana ba ta yi zafi ba. Birki na da wani tsohon babur da ke tashi in an roƙe shi. Tafiyar awa biyu ce, kuma duk tsawonta Birki na magana ta kafaɗa.

"Kai ka ce sau biyu ka duba!"

"Na duba. Abin da na duba ne ba shi ba ne."

"Yanzu ni da nake mai kamfani, ka ɗauko ni a rana in je leƙen asirin abokan cinikina?"

"Kalli hanya."

Daga nesa masana'antar ba ta da laifi. An yi wa ƙofarta sabon fenti, tuta na kaɗawa, an share gaban ofis. Bututun hayaƙi dai babu hayaƙi, amma Asabar ce. Maigadi ya fito da fara'a, da kaki mai guga, ya ce manya ba sa nan, ana ɗan gyare-gyare ne a ciki, aiki kuwa sai godiya.

"Ka ji ko?" in ji Birki. "Sai godiya. Mu tafi."

Sau-Biyu bai ji shi ba. Ya riga ya hango sikelinsu a gefen ƙofa, irin nasa na da sak, ƙafafunsa kuma suka kai shi ba tare da shawara ba. Ya zagaya farantin. Sannan ya durƙusa, da farar rigarsa, ya sa yatsa a tsagar.

Babu tsaga. Laka ta cike ta, ta bushe, ta yi tauri kamar bulo. A kanta ciyawa ta fito, ta girma, ta yi 'ya'ya, ta bushe, wata sabuwa kuma ta fara fitowa a ƙarƙashinta. Tururuwa sun yi hanya daga siminti zuwa faranti, suna wucewa hankali kwance kamar sun biya haraji.

"Yaushe rabon da mota ta hau nan?"

"Ko shekaranjiya an yi awo, Baba," in ji maigadi.

Sau-Biyu ya tumɓuke ciyawar ya miƙa masa har da saiwa. "Ɗana, in mota ta hau, farantin nan motsi yake yi. Ko keke ne ya hau, lakar nan sai ta tsage. Wannan ciyawa damina biyu ta ci a nan babu wanda ya dame ta."

Maigadin ya dubi ciyawar, ya dubi ofis, ya rage murya. Ya sa hannu a aljihun kaki ya fito da wata takarda da ta sha ninki.

"Baba, ni ma albashin wata bakwai, ga abin da suka ba ni. Da sa hannu da hatimi. Sun ce da ƙari a kai."

Sau-Biyu ya karanta ta, ya sake karantawa, ya mayar masa da hannu biyu.

A hanyar dawowa, da suka kusa gida, Birki ya waiwayo ta kafaɗa. "Wataƙila gyaran gaske suke yi," ya ce.

"Wataƙila."

Ranar Litinin ya shiga ofishin akanta ya ce kashi biyu cikin uku yake so, a hannu. Akantan ba mugu ba ne, mutum ne mai tsabta da alƙaluma uku a aljihu. Ya ba shi kujera, Sau-Biyu ya gode ya ci gaba da tsayuwa.

"Dattijo, asara za ka yi. Kashi ɗaya cikin uku fa za ka bari a ƙasa."

"Na sani, ranka ya daɗe. Takardar masu narka tama ce ta hana ni barci."

Akanta ya ɗago kai, don bai saba jin wannan daga ɗakin sikeli ba. Sannan ya yi bayani mai kyau. Takardar halal ce a doka, lauyoyi sun gani, masu binciken lissafi sun gani, lokacinta bai yi ba, kuma ba a kiran mutum mai cin bashi kafin ranar biya.

"Masu binciken sun je can?"

"Sun rubuta musu, an amsa cewa bashin gaskiya ne."

"Ai ban ce ƙarya ba ne, ranka ya daɗe. Sun ga sikelinsu?"

Akanta bai ga alaƙar sikeli da maganar ba, ya kuma faɗi haka cikin ladabi. Ya ba shi fom ya sa hannu. Sai da aka gama ya gyara murya ya ce akwai ɗan abu kaɗan. Kuɗi a hannu sun yi wuya a watan nan. Za a ba shi rabi yanzu, rabin kuma kamfani zai rubuta masa takardar alkawari, wata shida, da sa hannun manaja, da ƙari mai kyau a kai.

Sau-Biyu ya dube shi. Ya dubi ƙofa. A wajen ofishin akwai benci na masu jira. Ya fita, ya cire hula, ya ɗora ta a gwiwa, ya zauna.

Kafin azahar labari ya kai rami. Direbobi suka riƙa ajiye motoci suna zuwa kallo. Masu gadi suka yi canji don kowa ya samu ya gani. Wani ya taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne. Kowa ya zo sai ya tambaya me ya faru, shi kuwa ba ya ƙara gishiri, yakan ce kuɗinsa yake jira, an ce za a ba shi takarda, shi kuma ya ga inda takarda ke kai mutum. Daga nan sai a tambaye shi wace takarda, sai ya yi bayani, tun daga bashi mai riga har zuwa tururuwa.

Zaman ya fi masa kowane aiki wuya. Yatsunsa na ƙirga ƙusoshin bencin, goma sha shida ne, kullum goma sha shida. Da an tashi aiki ya tafi gida ya zagaya tsakar gida har sai matarsa ta ce jiri yake sa ta. Da safe ya dawo ya zauna.

A rana ta uku manaja ya wuce ya tarar da mutum tara a gaban bencin, ɗaya na tambayar me ake nufi da kuɗin da aka ware na tsoro. A rana ta huɗu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, wayar Sau-Biyu ta yi ƙara. Kuɗin sun shiga, kashi biyu cikin uku, babu takarda. Akanta ya fito da kansa ya yi masa fatan alheri, da wata irin murya mai roƙon ya tashi.

Ya tashi. Ya taka har banki ya sa aka duba masa, ya fita, ya sake shiga layi.

Da kuɗin ya sayi sikelin buhuna ya kafa rumfa a bakin kasuwa, yana auna wa mutane kaya ana biyansa. Masu sayarwa na ƙorafin yana ɓata musu lokaci, masu saye kuma ba sa zuwa wurin kowa sai wurinsa. Akwai benci a rumfar, na baƙi.

Shekara biyu ke nan. Kamfanin bai rushe ba. Takardar masu narka tama ma ba a biya ba. A shekarar farko an raba wa masu hannun jari 'yar riba, Birki ya zo rumfa da sabuwar hula ya saya masa shayi, ya ce a ƙara madara, masu kamfani ne ke biya. A ta biyu ba a raba komai ba, Birki ya zo da hular dai, ya sha shayin Sau-Biyu.

Duk shekara in an manna sabuwar takarda, yakan hau keke ya je allon sanarwa. Ba ya ko kallon jimlar ƙasa. Yatsansa kan tafi kai tsaye kan layin nan mai ƙiba, ya tarar ya ƙara ƙiba. Sai ya dawo yana lissafin kashi ɗaya cikin ukun da ya bari, abin da zai saya da shi, da abin da zai ce wa kansa in wata rana motoci rawaya suka dawo goma sha huɗu a yini. Auta ta ce ya yi daidai. Matarsa ta ce ko daidai ko ba daidai ba, an riga an ci an sha. Shi dai bai samu ya auna abin ya ga ƙarshensa ba, kuma wannan ne ke hana shi sakat.

Ranar Asabar da ta wuce ya je ƙofar Birki da lanƙwasasshen ƙarfensa a hannu, ya ce a roƙi babur ya tashi.

"Ina kuma?"

"Wurin masu narka tama. In ga tsagar nan."

"Haba, Sau-Biyu! Ai mun je mun gani."

"Sau ɗaya muka je."